Ƙurɗuba da sanyi, garin da muka daɗe muna karatunsa a zaure

In dai Allah ya hore maka, biza kuma ta fito, to ka je Ƙurɗuba, wato Córdoba ta ƙasar Sifaniya, kuma ka je da sanyi, wato tsakanin Disamba da Fabrairu. Nasan mu nan in aka ce hutu a waje Dubai ake nufi ko Masar ko Turkiyya, wanda kuma ya samu shiga Sifaniya to Madrid ce da Barcelona saboda ƙwallo, a je filin wasa a ɗau hoto da riga a juyo gida. Ba laifi bane wallahi, kowa da abin da ransa yake so. Amma abin yana damuna ace akwai gari a kudancin ƙasar da duk wanda ya taɓa zama gaban malami a zaure a cikin birnin Kano yana da haɗi da shi ko ya sani ko bai sani ba, tafiyar da bata kai awa biyu ba daga Madrid a jirgin ƙasa, amma da wuya kaji ɗan Kano yace ya leƙa.

Ni ɗan yayata ne sila. Yana karatun digiri na biyu a Madrid, ya daɗe yana ce min "Kawu ka zo mana, ko sau ɗaya ne kaga inda nake", har Allah ya nufa a watan Janairu. Babu jirgi kai tsaye daga Kano sai ka ya da zango a wata ƙasa, bizar kuma ta Shengen ce, wadda ƙasashen Turai da dama ke amfani da ita tare, maganarta doguwa ce, ka dai fara nema da wuri ka haɗa takardun banki da na masauki da inshorar lafiya. Daga tashar Atocha ta Madrid muka hau jirgin ƙasan nan mai gudu da suke ce wa AVE, layin tun 1992 aka buɗe shi yana wucewa har Sebiya, in ka yanki tikiti da wuri ta intanet yafi araha nesa ba kusa ba. Kuna gangarawa kudu zaka fara ganin gonakin zaitun layi-layi har iya ganinka, kuma da sanyi ake girbinsa, sai ka hango an shimfiɗa raga a gindin bishiyoyi ana ta kaɗowa.

Dalilin da yasa nake ta nanata maganar sanyi shine Ƙurɗuba tana cikin garuruwan da suka fi ko'ina zafi a Turai. A Yuli da Agusta haura digiri 40 ba komai bane a wajensu, an sha ganin ya wuce 45, to me zai sa ka baro ranar Kano ka biya kuɗin jirgi ka je ka shiga wata. A watan Mayu kuma suna bikin da ake buɗe tsakar gidaje mutane su shiga kallon furanni, garin cika yake ba masaka tsinke, ɗakin otal ya yi tashin gwauron zabi. A Janairu kuwa gari ya koma hannun masu shi. Da safe digiri 3 ko 4, in rana ta fito ya kai 14 ko 15. Sanyin ba irin na hunturunmu bane, ba ƙura ba hazo, amma danshi gare shi yana ratsa ƙashi, ruwan sama ma yana iya saukowa kowane lokaci, don haka suwaita da jaket da safa mai kauri da lema dole ne. Gidajensu kuma don zafi aka gina su, daɓen dutse ne, kafin ka kama ɗaki ka tabbatar akwai hita. Wani abin da naji daɗinsa, da sanyi agogonsu ɗaya da namu, ba sai ka gyara ba, amma asuba sai wajen ƙarfe bakwai, rana kuma bata ɓullowa sai wajen takwas da rabi. Ka yi sallah ka sha shayi ka fito kan titi har yanzu fitilu a kunne suke.

Haka muka fito muka nufi tsohon babban masallacin garin, wanda su suke ce wa Mezquita, domin daga Litinin zuwa Asabar ana barin mutane su shiga kyauta na awa ɗaya da sassafe, daga takwas da rabi zuwa tara da rabi, kafin masu zuwa a ayari su fara isowa. Ta farfajiya ake fara shiga, inda a da ake alwala, yanzu bishiyoyin lemo ne a jere da ƙananan magudanan ruwa a tsakaninsu, kuma lokacin sanyi ne suke nuna, duk sun yi ja sun sunkuyar da rassa. Kar ka yi kwaɗayi, mai ɗaci ne ba a shansa haka.

Da muka sa kai ciki na tsaya cak. Na ga hotunan wajen tun ina yaro a bayan littattafai da kalanda, amma hoto baya nuna maka yawan abin. Ginshiƙai ne sama da 850 na marmara da sauran duwatsu, duk inda ka juya sahu ne ya miƙe har ya ɓace cikin duhu, a samansu bakan gizo hawa biyu, ɗaya kan ɗaya, ja da fari ja da fari, jan na tubali ne farin na dutse. Kuma ba don ado kawai aka yi hawa biyun ba. Maginan farko ginshiƙan tsofaffin gine-ginen Rumawa da waɗanda suka biyo bayansu suka kwaso suka yi aiki da su, to gajeru ne, in aka ɗora rufi a kansu kai tsaye ɗakin zai danne mutum, sai suka yi dabara suka ɗora wani ginshiƙin na gini a kan kowanne suka ja baka na biyu a sama, rufin ya tashi, na ƙasan kuma ya riƙe ginin kar ya buɗe. Duk wanda ya taɓa tsayawa yana kallon maginin gargajiya yana ɗaura azara zai gane cewa wannan aikin mai tunani ne.

Abdurrahman na farko, wanda ake ce wa Addakhil, shi ya fara ginin wajen 785. Jinin Banu Umayya ne da ya tsira lokacin da Abbasiyawa suka karkashe danginsa a Sham, ya gudo ta arewacin Afirka har ya kafa mulki a nan a 756. Daga nan duk sanda gari ya ƙaru sai a ƙara masallacin. Abdurrahman na biyu ya ƙara, na uku wanda ya ayyana kansa halifa a 929 ya gina hasumiya, ɗansa Alhakam na biyu ya ƙara ta wajen alƙibla daga 961 kuma shi ya yi mihrabin da ake gani yanzu, sai Almansur, wazirin da ya riƙe ragamar mulki daga baya, wajen 987 da ya ga kogi ya tare gaba ya faɗaɗa ta gabas, shi yasa yau in ka lura mihrabin ba a tsakiya yake ba. A ɓangaren Almansur ɗin in ka matsa kusa da ginshiƙai zaka ga alamomi da sunayen masassaƙan da suka yi aikin a jikin dutsen, talakawa ne irinmu, shekara sama da dubu sunansu yana nan.

Mihrabin ne ya fi riƙe ni. Ba ɗan lungu bane a jikin bango irin wanda muka saba, ɗan ɗaki ne guda mai rufi kamar ƙwaryar kifin teku, bakinsa an lulluɓe shi da ƙananan gilasai masu ruwan zinare da shuɗi da kore, masu aikin daga Ƙusɗanɗiniyya aka kawo su, wato Istanbul ta yanzu, lokacin tana hannun Rumawa Kiristoci. A zagaye da shi ayoyi ne da rubutun kufi. Akwai shingen ƙarfe ba a ƙarasawa, amma da yake ba cunkoso na samu na tsaya a gaba-gaba na daɗe ina harhaɗa baƙaƙen har na fara kama wasu kalmomin. Da rani ba zaka samu wannan ba, tura ka za a yi gaba.

Sai dai fa ka shirya zuciyarka. Wajen coci ne yanzu, kuma coci mai aiki, kullum ana ibada a ciki. Sarki Fernando na uku ya ci garin a 1236 aka mayar da masallacin majami'a, a 1523 kuma aka fara gina wata ƙatuwar coci a tsakiyarsa cif, aka cire ginshiƙai da dama aka ɗaga rufi sama, kana cikin tafiya a sahun ja da fari kawai sai ka faɗo cikin wani gini daban mai gumaka da kujerun katako. Hasumiyar ma tana nan amma an lulluɓe ta da ginin ƙararrawa. Musulmi ba a barinsa ya yi sallah a ciki, ko ruku'u aka ga ka yi ma'aikata zasu zo su tsayar da kai. Bazan ɓoye ba abin ya yi min zafi, ka ga mihrabi a gabanka da ayoyin Allah a jikinsa amma ba damar ka kai goshinka ƙasa. Duk da haka bana ba kowa shawarar ya je ya yi rigima, kai baƙo ne da bizar kwanaki, kuma gaskiya ɗaya ce, da ba a ci gaba da amfani da ginin ba da wataƙila bai kawo yau ba. A Sebiya rushe babban masallacin aka yi aka gina coci a gurbinsa, hasumiya da farfajiya kawai suka rage. Su kuma Kiristocin suna cewa kafin masallacin ma akwai cocinsu a wajen, har akwai inda aka sa gilashi a ƙasa ana nuna tsohon daɓe. Kowa da tarihin da yake riƙe da shi.

Da muka fito farfajiya na ce wa yaron ya kira min malaminmu na unguwa ta bidiyo, dattijo ne ya haura tamanin, a gabansa na yi Ahalari da Ishmawi da Iziyya. Jikansa ya riƙe masa wayar. Na ce "Allah ya gafarta Malam, gani a Ƙurɗuba." Ya yi shiru ya ce "Ƙurɗuba ta Alfazazi?" Na ce ita. Ya ce in juya masa wayar ya gani, na zagaya da shi a hankali, bishiyoyin, bangon, ƙofofin. Ya tambaya ko na yi nafila a ciki na ce an hana, ya ce to Allah ya san niyya, ka yi wa malaman garin addu'a ko a tsaye ne, ai muna cin arziƙinsu. Sai naji ya fara rera baitin Ishiriniya a hankali da muryar nan tasa da ta fara rawa, ni kuma ina tsaye a garin da aka haifi mai ita hawaye na zubo min, ɗan yayata ya kau da kai ya bani wuri.

Abin da nake so mutanenmu su gane kenan. Mu ba 'yan kallo bane a garin nan kamar sauran masu yawon buɗe ido. Ishiriniyar da ake kwana ana yi a Maulidi, wadda iyayenmu mata suka haddace tun suna 'yan mata, Abdurrahman Alfazazi ne ya yi ta, haifaffen Ƙurɗuba, ya rasu a Maroko a 1230. Muwaɗɗa Malik da ake karantawa a masallatanmu, ruwayar da ta fi yaɗuwa a duniya ta Yahaya bin Yahaya Allaisi ce, malamin garin nan, a nan ya rasu a 848, kuma yana cikin waɗanda suka kafa mazhabar Malikiyya a Andalus, wato yankin Sifaniya da Musulmi suka mulka. Tafsirin Ƙurɗubi da malamai ke jawowa a tafsirin azumi, mai shi ɗan garin ne, bayan an ci garin ya yi hijira zuwa Masar ya rasu can a 1273. Ibn Rushd mai Bidayatul Mujtahid a nan aka haife shi a 1126, alƙali ne kuma likita, mutum-mutuminsa na nan zaune a gindin ganuwa. Ko ɗan littafin nan na waƙe da muke ce wa Ƙurɗabi ai sunan garin ne a kansa. Mutanen Sifaniya sun riƙe ginin masallacin suna gyara shi suna samun kuɗi da shi, madalla, amma karatun da aka yi a cikinsa a gindin waɗancan ginshiƙan, in kana son kaji shi da kunnenka yau da baki ana biyawa ana fassarawa, sai ka zo irin su Madabo da sauran zaurukan cikin birni bayan asuba.

Kuma ka duba ikon Allah a lissafin shekaru. Garnaɗa, gari na ƙarshe da ya rage a hannun Musulmi a Andalus, an miƙa ta a Janairun 1492. A daidai wannan tsakanin ne Shehu Almagili yake Kano wajen Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, yana rubuta masa yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a, a zamanin da aka kafa kasuwar Kurmi aka gina gidan sarki. Shi yasa bana son yadda wasu ke zuwa wajen nan don kuka kawai, "wayyo mun rasa Andalus". Eh an rasa ƙasa an rasa mulki, kuma da yawa rikicin cikin gida ne ya jawo, amma ilimin bai mutu a can ba, ya tsallaka teku ya ratso sahara a bayan raƙuma.

Sauran garin da ƙafa ake cinye shi. Unguwar da ke kewaye da masallacin, wadda ake ce wa ta Yahudawa don su suka zauna a nan a da, kai kace lungunan bayan Kurmi ne aka yi musu farin fenti aka share, lungu ya lanƙwasa ya tsuke har ka iya taɓa bango biyu, gida ba ya nuna komai ta waje sai ka leƙa ta zaure ka hango tsakar gida da rijiya da tukwanen fure. Abin da ya burge ni mutane na zaune a ciki har yanzu, tsofaffi na fitowa da kekensu na cefane, yara na tafiya makaranta, amma ba wanda ya isa ya fasa bango ya yi shago yadda ya ga dama. Tun 1984 UNESCO ta sa masallacin cikin kayan tarihin duniya, daga baya aka haɗa da tsohon garin baki ɗaya. Na tsaya a gindin ganuwarsu na tuna tamu da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, yadda ake yankarta ana gini a kai muna kallo, raina ya ɓaci sosai.

Da yamma ku gangara gadar Rumawa a kan kogin Guadalquivir, mai baka 16, mota bata hawa sai masu ƙafa. Ku tsallaka ku juyo ku kalli masallacin daga can lokacin da rana ke faɗuwa wajen shida da 'yan mintuna. Iskar kogin akwai sanyi, a rufe kunne.

Maganar abinci kuma sai an kula sosai. Naman alade a ko'ina yake, zaka ga cinyoyinsa a rataye a shaguna, kuma suna barbaɗa shi ko a abin da baka zata ba. Abincin da garin ya shahara da shi sunansa salmorejo, tumatir ne da burodi da man zaitun da tafarnuwa a markaɗe su yi kauri a sha da sanyinsa, yana da daɗi amma a samansa suke yayyanka ƙwai da alade, sai ka ce musu "sin jamón", wato ban da alade, tun kafin a kawo. Kayan fulawa ma ka tambaya don wasu da kitsen alade ake yi. Ni kifi na fi ci, da wani soyayyen yalo, irin ƙaton baƙin nan, da suke zuba masa ruwan rake mai kauri, wannan kam ko yanzu na tuna sai yawuna ya tsinke. Akwai gidajen shayi da na abinci na 'yan Maroko a kusa da masallacin, nan zaka samu naman halal da shayin na'ana'a mai zafi. Lokacin cin abincinsu daban ne, na rana sai ƙarfe biyu, na dare daga takwas da rabi zuwa tara, ƙananan shaguna da yawa kuma rufewa suke daga biyu zuwa biyar. Wajen sallah akwai ɗan ƙaramin masallaci a cikin lungunan tsohon garin da ake ce wa na Andalusawa, akwai kuma wani mai ƙubba a cikin lambun Colón, a can muka yi Juma'a da 'yan Maroko da Senegal da Pakistan da wasu 'yan ƙasar da suka musulunta.

Kar ka bar garin baka je Madinatuz Zahra ba, kamar kilomita 8 yamma da gari a gindin dutse. Birni ne sukutum da Abdurrahman na uku ya fara ginawa wajen 936 don ya zama fadar halifanci, a nan yake karɓar jakadun sarakunan Turai. Bai kai shekara 80 a tsaye ba. Da fitina ta ɓarke tsakanin Musulmin kansu wajen 1010 aka wawashe shi aka ƙone, aka yi ta kwasar duwatsunsa ana gini da su a wasu wurare har ƙasa ta binne shi aka manta inda yake, sai a 1911 aka fara tono shi, kuma har yau ɗan kaɗan aka tono, wajen kashi ɗaya cikin goma. A 2018 shi ma ya shiga jerin UNESCO. Ana fara shiga gidan tarihi a ƙasa a kalli bayani sannan bas ta hau da ku sama. Fili ne ba inuwa, da sanyi kuwa ciyawa ta yi kore shar kana tafiya a hankali ba abin da ya dame ka. Ran Litinin a rufe yake, ka tsara tafiyarka da wannan.

Tsaraba ban wahalar da kaina ba. Garin ya yi suna a aikin fata tun zamanin Musulmi, amma ɗan Kano ba zai ɗauko fata daga Turai ya kawo gida ba, na dai shiga na ga aikin na yaba. Man zaitun na saya na gwangwani don kar ya fashe a hanya, a babbar jaka ake sa shi ba ta hannu ba in ba haka ba a filin jirgi za a karɓe. Ɗaya na gida, ɗaya na Hajiya, ɗaya na Malam, tare da hoton mihrabin da na sa aka wanke masa babba don idonsa ya yi rauni.